Minti Goma Sha Tara na Sista Babba

Sista Babba ta shekara ashirin da shida tana aikin ungozoma, ba a taɓa ba ta takardar tuhuma ba sai wata ranar Litinin da ta biya babban ofis ɗaukar safar hannu da allurai. Sakatariya ce ta miƙo mata ambulan ɗin tana kallon gefe. Sista ta karanta a tsaye, jaka a kafaɗa. Manaja ne ya sa hannu. Ya ce na'ura ta nuna wata uku a jere ba ta shigar da sunan mace ta farko sai ƙarfe takwas da minti ashirin ko fiye, alhali ƙarfe takwas ake fara awo. Daga ƙasa an bar mata layi ta sa hannu cewa ta amsa laifin makara, kuma ta yarda a tura ta kwas na mako biyu ta koyi kwamfuta tun daga tushe.

Ta ninke takardar gida huɗu ta jefa a jaka. Sakatariya ta ce ai hannu za ta sa ta bar ta a nan. Sista ta ce ba ta zo da biro ba. Biro uku ne a aljihun gaban rigarta, ja da baƙi da shuɗi, kuma su biyun duk suna ganinsu.

Ƙungiyar da take wa aiki tana da ƙananan ɗakunan awon ciki guda shida, ɗaya a harabar babban ofis, sauran a unguwannin gefen gari, kowane da ungozomarsa. Kowace safiya farar mota ke kwasarsu tana sauke su ɗaya bayan ɗaya. Na Sista ɗaki biyu ne da baranda, a bayan wani layin masu walda. Akwai gadon awo, ma'auni, ƙaramin firij, da dogon benci da mata kan cika tun kafin motar ta iso. Bara aka kwashe manyan littattafan rajista aka raba musu laftof, aka maƙala wa kowane ɗaki ƙaramin akwatin intanet a bango. Sista ba ta yi gardama ba. Da yatsa biyu take bugawa, amma ba ta taɓa kuskuren lambar kowa ba.

Matsalar ita ce tashin laftof ɗin. Ƙarfe takwas saura biyar take buɗe ƙofa, ta kunna shi, ta buga kalmar sirri, sai wasu ɗige-ɗige su fara zagaye a tsakiyar allon. Haka za su yi ta juyi. Ta share teburi, ta wanke hannu, ta gaisa da matan benci, ta auna wa biyu ko uku jini ta rubuta a bayan kwalin magani, su kuwa suna nan suna zagayensu. Idan aka ɗauke wuta batirin ya mutu da rana, sai a sake wani zaman daga farko. Matan har sun saba. Wata mai cikin wata takwas takan leƙo ta ce, Sista, mutumin naki ya tashi ko yana barci har yanzu?

Sau uku tana kai wa Injiniya, mai kula da kwamfutocin ƙungiyar. Mutum ne mai kamar shekara talatin da biyar, ba shi da mugunta, sai dai aiki ya yi masa yawa kuma ba ya jiran mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Kowane zuwa abu ɗaya yake yi. Ya ɗora laftof ɗin a teburinsa, ya jawo wata shuɗiyar igiya ya cusa masa a gefe, ya danna maɓalli. Kafin Sista ta gyara zama, abin ya buɗe tar. Sai ya juyo mata da allon ya ce lafiyarsa ƙalau, ƙila dai tana danna wani abu ne ba ta sani ba. A zuwa na uku ya rubuta a fom ɗinsa cewa matsalar daga mai amfani ce. Wannan fom ɗin ne Manaja ya haɗa da takardar tuhumar.

Ranar da ta karɓi takardar, fuska a ɗaure ta shiga mota. Direba, wanda suka fara aiki shekara ɗaya, ya dube ta ta madubi ya ce Yaya yau kin sha mur, wa ya taɓa ki? Ta ce masa ya dubi hanya.

Washegari ta fara abin da ta fi iyawa. In mace ta zo tana cewa kanta na ciwo, Sista ba ta fara da magani, sai ta ji yaushe yake tashi, a ina, bayan an ci me. Ta samo ɗan littafi, ta cire agogon da take maƙalawa a ƙirji don ƙirga bugun jini, ta ajiye gefen laftof ɗin. A ɗakin awo, minti goma sha tara ya yi kafin ya buɗe. Da aka tashi, ta kashe shi ta sake kunnawa a cikin mota suna kan hanya, yana kan cinyarta. Ko minti biyu bai yi ba ya buɗe. Ta zaci sa'a ce, ta maimaita. Haka dai. Direba ya ce ƙila iskar hanya yake so, a dinga fita da shi yawo kafin aiki. Ba ta yi dariya ba, amma ta rubuta.

Laraba da rana ta sa aka sauke ta a babban ofis don ta nuna wa Injiniya. Ba ya nan, an ce ya fita. Ta zauna a ɗakin jira, ta kunna laftof ɗin don kawai kada ta zauna hannu biyu. Ga mamakinta, a cikin ginin da kullum yake nuna shi lafiyayye ne, ɗige-ɗigen suka kama zagaye. Ta dubi agogo. Goma sha tara, har da 'yan daƙiƙoƙi. Da ya buɗe, ta duba kusurwar allon ta ga ya kama wayifai ɗin baƙi, wanda aka liƙa lambarsa a bango don masu jira. Ta shiga wurin da fayiloli suke, sai ga foldoji bakwai a jere, kowace da jan kuros a jikinta. Ta sha ganinsu, ba ta taɓa kula su ba don yawancinsu ba ta da aiki da su. Ta karanta sunayen: ta sito, ta motoci, ta ma'aikata, ta rahotanni, ta fom-fom, ta horo, da wata ta hotunan taro. Ta tuna a teburin Injiniya, in igiyar nan tana jiki, ba su da kuros ko ɗaya.

Ta daɗe tana kallonsu. A kan hanya babu wani netwok da zai kama, sai ya haƙura da wuri ya buɗe. A teburin Injiniya yana samun abin da yake nema nan take. Amma a ɗakin awo da nan ɗakin jira, ya kama netwok, yana ganin kamar hanya a buɗe take, sai ya tsaya sallama a ƙofar kowace folda, ba mai amsawa, shi kuma ba ya tafiya. Ta kashe wayifai ɗin, ta kashe laftof ɗin, ta sake kunnawa. Minti ɗaya da rabi. Ta mayar da wayifai ɗin, ta sake gwadawa. Ya koma barcinsa. Mai gadi da ke leƙowa ya ce Sista ko dai shayi za a kawo miki. Ta ce a'a, ta ƙoshi.

Maigidanta mai gyaran kekunan ɗinki ne, a barandar gida yake aikinsa. Ta same shi da yamma ya baje sukurori a faranti, ta zauna a tabarma ta ba shi labari tun daga takardar har foldojin. Ya saurara yana goge wani ƙarfe da tsumma. Da ta gama ya ce to ai ta samu magani. Ta kashe wayifai kafin ta rufe, da safe in ya buɗe ta kunna, shi ke nan. Takardar kuma ta sa musu hannu, ta je kwas ɗin ta huta mako biyu, ƙafafunta ma su sarara. Mene ne na ja da mutanen da suke zaune cikin sanyin ofis?

Ta ce, “Baban yara, shekara ashirin da shida ban taɓa makara na bar mace tana jirana a ƙofa ba. Ranar da aka yi ambaliya da ƙafa na tafi, kai ka riƙe mini takalmi. Yanzu in ɗauki hannuna in rubuta ni mai makara ce?”

Ya ce ai takarda ce kawai. Ta ce ita ma ta san takarda ce, kuma takardar za ta zauna a fayil ɗinta bayan ita ta bar wurin. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ga yadda ta zauna, ya san an wuce wurin shawara. Ya ce to ta dai ci abinci kafin ta fara yaƙin.

Ta ɗauki waya ta kira sauran ungozomomin biyar. Ashe huɗu daga cikinsu sun samu irin takardar, kowace ta ɓoye don kunya, tana ganin ita kaɗai ce ba ta iya ba. Ta biyar ɗin, wadda ɗakinta ke cikin harabar babban ofis, ita ce kaɗai laftof ɗinta ke tashi da wuri, ita ce kuma Manaja ke buga misali da ita. Wadda ta fi ba Sista haushi ita ce Doguwa, ƙawarta tun makarantar koyon aiki. Doguwa ta riga ta sa hannu. Ta ce saura mata shekara biyu ta yi ritaya, ba ta son tashin hankali, kuma 'ya'yanta ma a gida dariya suke mata in ta riƙe waya. Sista ta ce gobe a taron wata ba ta son ta ce komai, ta dai zo da laftof ɗinta da cikakken caji. Haka ta faɗa wa sauran.

Alhamis ƙarfe uku aka zauna a ɗakin taro na sama. Likita, shugabar ƙungiyar, tana kan kujerar tsakiya, dattijuwa ce mai ƙarancin magana. Manaja ya haska jadawalinsa a bango, layi ja da layi kore, ya yi bayanin yadda wasu ma'aikata suka kasa tafiya da zamani. Bai kama suna ba, amma sau biyu yana cewa masu daɗewa a aiki. Injiniya na can ƙarshen teburi yana duba wayarsa. Da Manaja ya ce akwai wadda har yanzu ba ta dawo da takardarta ba, Sista ta miƙe, ta zaro takardar daga jaka, ta warware ta, ta ajiye a gabansa ba sa hannu.

“Ranka ya daɗe, ga ta. Ba zan sa hannu ba, don ban makara ba. Amma zan nuna muku wanda ke makara.”

Manaja ya ce wannan ba wurin gardama ba ne, kuma masani ya riga ya duba har sau uku. Injiniya ya ɗago ya ce a ba shi laftof ɗin yanzu ya kunna a gaban kowa, ya miƙa hannu zai jawo shuɗiyar igiyar da ke tsakiyar teburi. Sista ta dafe igiyar da tafin hannunta. Ta ce a ɗakin awonta babu wannan igiyar, don haka yau ma ba za a sa ta ba. Laftof ɗin zai kama wayifai ɗin baƙi, yadda yake kama akwatin bangon ɗakinta. Ta dubi Likita. Likita ta ce a bar ta.

Ta yi wa sauran ido. Laftof biyar aka jera a teburin, waɗanda yau da rana kafin taro ta sa kowace ta haɗa da wayifai ɗin baƙi. Doguwa ce ta ƙarshen fitar da nata. Suka kunna tare, suka buga kalmomin sirrinsu. Sista ta cire agogon ƙirjinta ta ajiye a gaban Likita. Allo biyar, ɗige-ɗige suna zagaye.

Minti uku na farko an yi su da 'yar dariya. A na biyar Manaja ya ce za a iya ci gaba da sauran batutuwa kafin abin ya buɗe. Sista ta ce a'a.

“Matan da ke bencina da cikin wata tara suke wannan zaman kullum, wasu ba su karya ba don za a ɗebi jininsu. Ba a ci gaba da komai sai ya buɗe. Yau mu ma mu zauna mu ji.”

Fanka na juyi a sama. Manaja ya buɗe robar ruwa ya rufe, ya sake buɗewa. A minti na tara ya ce shi yana da wani taron. Likita, ba tare da ta ɗaga ido daga agogon ba, ta ce ya zauna. Injiniya kuwa tuni ya ajiye waya. Ya taso ya tsaya bayan Sista yana kallon allon, ya koma bayan Doguwa, ya dawo. Sista ta miƙa masa ɗan littafinta. Ya karanta jerin wurare da mintuna, ya juya shafi ya ga inda ta zana foldoji bakwai da kuros-kuros. Ta ga kunnuwansa sun motsa, ya shafa ƙeya. Yana nan riƙe da littafin har na farko ya buɗe a minti na goma sha takwas, na Sista a sha tara, na Doguwa a ashirin da ɗaya.

Likita ta tambaye shi me ke faruwa. Ya yi gyaran murya ya ce Sista ta riga ta gano. Lokacin da ya shirya laftof ɗin, tsari ɗaya ya zuba wa na kowa, na ofis da na waje. Tsarin yana sa kwamfuta, da zarar an shiga, ta nemi foldojin da ke kan babbar kwamfutar ofis, kuma ta jira amsa kafin ta buɗe. A ofis da igiya amsar nan take ce. A waje kuwa babu hanyar isa gare su, sai ta jira kowace har lokacinta ya cika, sannan ta koma ta gaba, har bakwai. Likita ta ce to me ya sa bai gani ba sau uku? Ya ce domin duk ukun a teburinsa ya gwada. Ya juya ga Sista ya ce, Mama, ki yi haƙuri, da na bi ki can sau ɗaya da an wuce wurin. Ta ce ta haƙura, amma fom ɗin da ya rubuta yana nan.

Nan take ya zauna ya ɗauki nata. Ya cire foldoji shida da ba ta da aiki da su. Ta fom-fom kuwa ya kwafo abin da ke cikinta ya ajiye mata a cikin laftof ɗin, ya hana kwamfutar nemanta a lokacin tashi, ya kuma canja umarnin nan na jiran netwok. Ya kashe ya kunna, ba igiya. Kafin Doguwa ta gama gyara ɗankwalinta ya buɗe. Doguwa ta sa hannu ta rufe baki, ta yi wata 'yar dariya mai kama da kuka.

Manaja ya tattara takardunsa ya ce to alhamdu lillahi, tunda an gano matsalar fasaha ce, za a jingine maganar tuhumar. Sista ta tambaye shi me jinginewa ke nufi. Ya ce ba za a ɗauki wani mataki ba. Ta ce a rubuce aka tuhume su, don haka a rubuce za a janye, su biyar, kowace da sunanta, a kuma fiddo wadda Doguwa ta sa wa hannu a ba ta abarta. Ya ce wannan sai mako mai zuwa, sakatariya ta kusa tashi. Sista ta ja kujera ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta ce ita ba ta da sauri. Sauran huɗun da suka riga suka miƙe suka dubi juna, suka koma suka zauna. Ta shidan, wadda ba a tuhuma ba, ta tsaya a bakin ƙofa jim kaɗan, sannan ita ma ta dawo ta zauna kusa da Doguwa.

Likita ta ce a kira sakatariya. Ƙarfe biyar saura aka kawo takardu biyar, Manaja ya sa hannu a tsaye, bai dubi kowa ba. Sista ta karanta tata har ƙasa, ta ga an rubuta an dakatar da tuhuma. Ta mayar ta ce janyewa ta ji an ce, ba dakatarwa ba. Aka sake bugawa.

Kusan wata biyu Manaja ba ya amsa gaisuwarta sai da kai. Ko a jikinta, kullum sai ta gaishe shi da cikakkiyar murya, har da tambayar iyali. Kwas ɗin dai an yi shi daga baya, amma na kwana biyu, na kowa da kowa, kuma ita ce ta fara rubuta sunanta, don akwai abubuwan da take son ta iya.

Mako guda bayan taron Likita ta sa Injiniya ya bi motar safe ya zaga ɗakunan awon duka, ya ga kowace kwamfuta a inda take aiki. Ranar da ya zo na Sista ya tarar benci ya cika, babu wurin zama, ya tsaya a baranda da jakarsa a baya, ƙarar injin walda na cika masa kunne. Ya gano akwatin intanet ɗin ma an maƙala shi a bayan firij, inda zafi ke dukansa, ya nemi guduma da ƙusa wurin masu walda ya matsar da shi. Yana kan kujera yana bugawa, wata tsohuwa da ta rako surukarta awo ta tambayi Sista ko ɗanta ne. Sista ta ce a'a, abokin aiki ne. Tsohuwar ta ce to a gaya masa ƙusar ta karkace. Ya duba, ya ga gaskiya ne, ya cire ya sake bugawa. Sista ta kira mace ta gaba, ta ce ta cire takalmi ta hau ma'auni.